Idan ciwon daji ya kama jijiyoyin hanta: yadda likitoci ke yankewa su sake ɗinkewa

Ciwon dajin babban hanji, in zai yaɗu, hanta ya fi nufa. Dalili kuwa shi ne jinin da ya fito daga hanji ba ya zarcewa zuciya, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya ratsa hanta tukuna. Wannan jijiya ita ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu. Ƙwayoyin cutar da suka ɓalle daga hanji, nan suke fara yada zango.

Yanke wani ɓangare na hanta ba sabon abu ba ne. Tun 1957 likitan Faransa Claude Couinaud ya nuna cewa hanta yanki takwas ce, kowanne da jijiyoyinsa. Ga shi kuma tana sake girma: ana iya cire kusan kashi 70 cikin 100 idan ragowar lafiyayya ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan ƙarin ya manne wa jijiyoyi uku da ke fitar da jini daga hanta, ko babbar jijiyar da ke bayanta mai kai jini zuciya. Ragowar hanta, komai lafiyarta, in jini ya shiga bai samu mafita ba, kumbura za ta yi ta daina aiki. Shi ya sa a da sai a ce wa mara lafiya tiyata ba za ta yiwu ba.

Yanzu a manyan asibitoci ana danne jijiyar na ɗan lokaci, a yanke ta tare da ƙarin. In ɓarakar ƙarama ce, a ɗinke ko a yi mata faci da tantanin cikin mara lafiyan. In guntu guda aka cire, a ɗebo jijiya daga wuyansa ko cinyarsa a haɗa, ko a sa bututun roba na musamman. A 1988 ma, a birnin Hanoba na Jamus, Rudolf Pichlmayr ya ciro hanta ɗungurungum, ya yi mata aiki a waje cikin sanyi, ya mayar.

Aikin na da haɗari sosai: zubar jini, toshewar sabuwar jijiyar da gudan jini, ko ragowar hantar ta gaza. Ba kowa ake yi wa ba. Sai an duba ƙarfin zuciyar mutum da ko cutar ta kai wasu sassan jiki, kuma galibi akan fara da maganin kansa don ƙarin ya motse.

Da yawa kan iso asibiti a makare, bayan sun daɗe suna shan maganin basir saboda jinin da suke gani a bayan gida.