Gaiwa Ba Angila Ba Ce: Yadda A Ke Gane Dangin Kifi Ta Wurin Uwa

Tun da ƙungiyoyin gama kai na ikkilisiyoyinmu suka soma haƙa tafkunan kifi, tambaya ɗaya ta sha zuwa mana. An ji labari wai akwai wani dogon kifi mai kama da maciji wanda mutanen Turai da Japan su ke saye da tsada ƙwarai. Sai waɗansu 'yan'uwa suka ce, ai gaiwa ce, ga ta a fadamunmu, me zai hana mu yi kiwonta mu aika? Kada ƙungiya ta fid da ko kwabo daga asusu a kan wannan magana. Kifin nan masu ilimi suna ce da shi angila. Babu angila a Kwara, ko Binuwai, ko tafkin Cadi. A Afirka sai kogunan gabas da kudu, da na arewa wajen Maroko da Masar.

Gaiwa kuwa ba danginta ba ce. Gaiwa tana da huhu, shi ya sa ta kan kwanta cikin busasshen taɓo har damina ta kewayo. Masu ilimi sun ce ta fi kusa da kwaɗo a kan angila. To, yaya suka sani, tun da ido ya ga kama?

Murhun da uwa ke bayarwa

Jikin kowane mai rai, ko kifi, ko akuya, ko mutum, Allah ya gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowane ɗaki akwai babban rubutun gado, wanda a ke kira DNA. Rabinsa daga uba ya ke, rabi daga uwa. Ban da wannan, cikin ɗakin akwai waɗansu 'yan abubuwa masu yawa da su ke ƙona abinci su ba jiki ƙarfi. Sunansu mitokondiriya, amma mu ce da su murhu, gama aikinsu ke nan.

Murhun nan yana da nasa ɗan rubutu dabam. A jikin angila haruffansa wajen 16,500 ne kurum, babban rubutu kuwa wajen miliyan 1,000. Ku lura da wannan da kyau: murhu daga ƙwan uwa ya ke fitowa. Uba ba ya ba da nasa. Ɗa namiji ya kan karɓa daga uwarsa, amma a kansa ya tsaya. Ɗiya mace ita ke miƙa wa 'ya'yanta. Mu a gida sunan uba mu ke bi, gona kuma ta wurin uba a ke gado, amma ƙwarya da tukunya daga uwa zuwa ɗiya su ke tafiya. Haka murhu ya ke.

Da ya ke ba ya garwaya da na uba, rubutun ya kan sauko tsara bayan tsara kamar yadda ya ke. Sai dai jifa-jifa harafi ɗaya ya kan sauya, kamar yaron makaranta da ya yi kuskure wajen kwafe allo, na bayansa kuma su kwafe kuskuren. Idan aka jera rubutun kifi biyu aka ƙirga inda suka bambanta, bambanci kaɗan ya nuna kakarsu ɗaya ba da nisa ba. Bambanci mai yawa ya nuna an daɗe da rabuwa.

Abin da aka gano

Angila tana girma a kogi shekaru da yawa, amma ba ta haihuwa a can. Wani mutumin Denmak, Johannes Schmidt, ya yi ta yawo cikin jirgin ruwa daga 1904 zuwa 1922 yana kama jarirai, yana neman inda suka fi ƙanƙanta. Ya same su a wani sashen tekun Atilantika da a ke kira Sargaso, mil 3,000 da ɗoriya daga Turai. Nan angilar Turai da ta Amurka su ke zuwa su yi ƙwai, sa'an nan su mutu. Jariran, masu siffar ganye, ruwan teku ke kwashe su ya kai gaɓa. A 2022 aka ba da labarin waɗansu manya da aka ɗaura wa na'ura a tsibiran Azores, aka bi sawunsu har Sargaso.

A 1986 wani masani a Amurka, John Avise, da abokan aikinsa suka duba murhun angilar da aka kamo a gaɓar Amurka, tsawon mil 2,500. Ba su ga bambanci tsakanin ta arewa da ta kudu ba. Wato babu angilar wannan kogi da ta wancan kogi. Duka garke ɗaya ne, a wuri ɗaya a ke aure. Amma tsakanin ta Amurka da ta Turai bambanci ya fito sarai, ko da ya ke a teku ɗaya a ke haifarsu. Ƙirgar ƙashi ma ta yarda da haka: gaɓoɓin ƙashin bayan ta Turai wajen 114 ne, na ta Amurka wajen 107.

A 2005 masanan Japan suka karanta rubutun murhu dukansa na iri 18 na angila da aka sani a lokacin. Bisa ga lissafinsu, irin da ya fara rabuwa da sauran shi ne wanda ke zaune a kogunan Afirka ta gabas da kudu da Madagaska. Na Atilantika kuma, abin mamaki, suka fito kusa da na Ostareliya da Niyu Zilan, can ɗaya gefen duniya. A 2010 aka ƙara gano cewa dangin angila na kusa kifayen tsakiyar teku ne masu zama cikin zurfi da duhu. Ashe ita baƙuwa ce a kogi, teku ne gidan kakanninta. A ganinmu wannan ya fi kome daɗin ji, gama ya bayyana abin da ke sa ta bar ruwa mai abinci ta koma haihuwa a wuri mai nisa haka.

Garke ɗaya yana da hatsarinsa. Angilar Turai ma, binciken baya ya nuna garke ɗaya ce. Idan Faransa ta kwashe jarirai a bakin kogunanta, Suwidin da Maroko su ma za su ji a jikinsu. Tun wajen 1980 jariran da ke isowa Turai suka ragu fiye da kashi 90 cikin 100. A 2010 Tarayyar Turai ta hana fitar da ita waje, masu fasa-ƙwauri kuma da gwajin murhun nan a kan kama su, domin jarirai farare ne kamar gilashi, ido ba ya rarrabe iri. A shekarar nan ta 2010 Japan ta yi nasarar sa angilarta ta hayayyafa a tanki tsara biyu, amma da tsada. Kusan dukan angilar da a ke kiwo a duniya, jariranta daga ruwan Allah a ke kamo su. Wanda ya zo muku da alkawarin irin angila mai araha, ku sallame shi.

Inda gwajin ya kasa

Murhu labarin uwa kaɗai ya ke bayarwa. A tsibirin Aisland an sami angila ruwa biyu, haɗin ta Turai da ta Amurka. Idan uwar 'yar Turai ce, murhu zai ce wannan 'yar Turai ce tsantsa, sai an buɗe babban rubutu kafin uban ya bayyana.

Nan ne maganar ta shafi tafkunanmu. Masu ƙyanƙyasar kifi a Nijeriya su kan haɗa ƙwan tarwaɗa da ruwan namijin ramboshi, domin 'ya'yan suna saurin girma. Don ci da sayarwa ba laifi. Amma ba su dace a ajiye su iyaye ba, gama jikokin ba su fitowa bai ɗaya. Ta wajen murhu kuwa kifin nan tarwaɗa ne, tun da uwarsa tarwaɗa ce. Ku duba bayansa. Ƙayar bayan tarwaɗa doguwa ce har kusa da wutsiya. Ta ramboshi ta tsaya a tsaka, sai wani tsoka mai laushi ya biyo. Ruwa biyu ya kan zo da ɗan guntun tsokan nan.

Uwar tarwaɗa guda kuma tana iya ba da ƙwai dubbai masu yawa a zubi ɗaya, har 'ya'yan kifi 2,000 da ƙungiya ta saya su zama 'yan ɗaki ɗaya. In kuna so ku riƙe iyaye, magatakarda ya tambayi mai sayarwa uwa nawa aka tatsa, wane irin namiji aka yi amfani da shi, ya rubuta amsa a littafin ƙungiya. Maza kuma a nemo su daga wani wuri dabam.