Kanya King: Ta ɗaga waƙar baƙar fata a Birtaniya, ta kuma fasa ƙwai kan sankarar hanji

A 1996, wata mata a London ta jinginar da gidanta ta ci bashi don shirya bikin karrama mawaƙa. Mutane da dama sun ce asara za ta tafka, wai waƙar baƙar fata ba ta da kasuwar da za ta ɗauki irin wannan biki. Sunanta Kanya King, mahaifinta ɗan Ghana, mahaifiyarta 'yar Ireland, ita ce auta cikin 'ya'ya tara. Tana da shekara 13 mahaifin ya rasu.

Bikin da ta kafa shi ne MOBO, wanda ke karrama kiɗa da waƙar da suka samo asali daga baƙar fata. Ya buɗe wa mawaƙan Afirka ƙofa: Samini na Ghana ya lashe kyautar gwarzon Afirka a 2006, daga baya Fuse ODG da Wizkid da Davido da Burna Boy suka biyo sahu. A 2018 masarautar Birtaniya ta ba ta lambar girma ta CBE.

Sai a watan Disamban 2024 ta fito ta shaida wa duniya cewa tana fama da sankarar hanji, kuma cutar ta kai mataki na huɗu, wato ta bazu zuwa wasu sassan jiki. Duk da haka, a Fabrairun 2025 ta hau dandamalin bikin MOBO a Newcastle, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa mata. Kiran da ta riƙa yi shi ne mutane su kula da jikinsu, su je gwaji da wuri.

To, wace cuta ce wannan? Tana kama babban hanji ko ƙarshensa kusa da dubura. Galibi tana farawa ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Idan aka gan shi da wuri ta na'urar da ake leƙa hanji da ita, nan take ake cire shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ta uku wajen yawa cikin cututtukan daji, ta biyu wajen kisa. A 2020 kaɗai mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu, sama da 930,000 suka mutu.

Alamominta sun haɗa da jini a bayan gida, gudawa ko taurin bahaya da ya ɗauki makonni, ciwon ciki da ya ƙi tafiya, rama ba dalili, da kasala saboda ƙarancin jini.

A nan ne gizo ke saƙar a wajenmu. Da mutum ya ga jini sai ya ce "ai basir ne", ya tsaya wajen mai magani a tasha ya sayi gora ɗaya na jiƙo. Wani kuma kunya ce ke hana shi faɗa wa ko da matarsa, balle likita. Gaskiya ne basir na kawo jini, amma ido ba ya bambance su, sai gwaji. Wata shida ana shan sassaƙe, cutar kuwa tana can tana cin gaba.

Lokaci shi ne komai. Alƙaluman Ingila sun nuna cewa cikin mutum goma da aka gano cutar tana matakin farko, kusan tara na wuce shekara biyar a raye. A mataki na huɗu kuwa, kusan ɗaya ne cikin goma. Shi ya sa a can ake aika wa masu shekara 50 zuwa 74 kayan gwajin bahaya har gida duk bayan shekara biyu.

Kada matashi ya ce ciwon tsofaffi ne. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, ita ce ajalinsa a 2020 yana da shekara 43. Wanda aka taɓa yin cutar a danginsa ya fi buƙatar sa ido. Taba, giya, ƙiba, rashin motsa jiki da yawan cin jan nama ko naman gwangwani duk suna ƙara haɗari, yayin da wake, ganye da hatsin da ba a cire dusarsa ba ke rage shi.

Kanya King ba ta ɓoye ciwonta ba, alhali tana da halin yin shiru. Idan ka ga jini ko da sau ɗaya ne, ko cikinka ya sauya har mako uku, ajiye gorar jiƙon nan ka nufi asibiti. Idan baba ko inna ke ta ƙorafin "basir", kai ne za ka raka su.