Daga Littafi zuwa Majigi: Fim ɗin The Long Goodbye da Hukuncin Masu Sharhi

A wannan takarda za mu duba yadda masu sharhi kan auna fim da ma'aunin littafin da aka ciro shi daga ciki. Misalinmu shi ne The Long Goodbye, ƙagaggen labarin da Raymond Chandler ya wallafa a 1953, wanda Robert Altman ya mayar fim a 1973. Fim ɗin yana cikin waɗanda suka farfaɗo da salon da Faransawa suka laƙaba wa suna baƙin fim, wato labarin ta'addanci da cin amana a babban birni.

Tauraron labarin shi ne Philip Marlowe, mai binciken laifi a birnin Los Anjalas. A littafin, Marlowe ya tsaya wa abokinsa Terry Lennox, wanda aka zarga da kashe matarsa, kuma a ƙarshe ta bayyana cewa ba shi ya yi kisan ba. Altman da Leigh Brackett, wadda ta tsara labarin fim ɗin, sun juya wannan. Sun kawo Marlowe cikin shekarun 1970, inda riƙon amanarsa ya zama abin dariya. Lennox kuwa shi ne mai kisan, kuma da Marlowe ya gano haka sai ya bi shi Meziko ya harbe shi.

Da aka fara nuna fim ɗin a Los Anjalas, masu sharhi da dama sun ce an wulakanta Chandler, 'yan kallo kuma suka ƙaurace. Kamfanin United Artists ya janye shi, ya sauya hoton talla zuwa zanen barkwanci, sannan ya sake fito da shi a New York. A can Pauline Kael ta yaba masa ƙwarai a mujallar The New Yorker. A 2021 ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya sanya shi cikin finafinan da ake adanawa.

Abin lura shi ne, fim ɗin bai sauya ba tsakanin biranen biyu. Abin da mai kallo ya zo yana tsammani ne ya sauya. Don haka muke ganin cewa tambayar da ta dace manazarci ya yi ita ce, me sauyin ya faɗa game da jigon amana, kafin ya yanke hukunci a kan biyayya ga littafi.