Imran Khan Kafin Siyasa: Mai Jifa, Mai Bugu

A Ƙaura Namoda ko Shinkafi, in ka ambaci Imran Khan a majalisa, za a ce maka ai tsohon firaministan Pakistan ne da aka tsige a 2022. Haka rediyo ya sanar da mu shi. Amma kafin siyasa mutumin ya kwashe shekara 21 yana cin abinci da kurket, wasan da yaranmu ba su yi. Turawan mulki sun kawo shi makarantu irin su Kwalejin Katsina, bai dai yi saiwa a Arewa ba.

Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mai bugu ya tsaya gabansu da faffaɗan katako, mai jifa ya taho a guje ya wurgo ƙwallo mai tauri daga nisan mita 20. In ƙwallon ya kayar da sanda, ko aka cafe shi a sama bayan bugu, mai bugun ya fita. In ya buga shi nesa, sai ya yi ta gudu yana tara maki. Babban wasa tsakanin ƙasashe yakan ci kwana biyar, kowane ɓangare ya yi bugu sau biyu.

Yawanci kowa da fanninsa. Masu bugu ba su iya jifa sosai ba, masu jifa kuwa in an miƙa musu katako ba su daɗewa. Wanda ya haɗa biyun tamkar a ce gwanin cin ƙwallo a ƙungiya shi ne kuma gwanin tsaron gida. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to a kurket akwai 'yan tsirarun da suka tauna, kuma ƙungiyar da ta samu ɗaya kamar ta shiga fili da mutum 12 ne.

An haifi Imran a Lahore a 1952, a dangin da kurket gado ne: 'yan'uwansa Javed Burki da Majid Khan duk sun yi kyaftin ɗin Pakistan. Ya fara buga wa ƙasarsa a 1971 a Birmingham yana ɗan shekara 18, bai fitar da ko mutum ɗaya ba, aka ajiye shi. Ya zauna Ingila, ya yi karatu a Oxford, ya buga wa ƙungiyoyin Worcestershire da Sussex, a can ya sake salon jifansa, ya ƙara gudu da wani dogon tsalle kafin sakin ƙwallo. A Janairun 1977 a Sydney ya fitar da mutum 12 a wasa ɗaya, Pakistan ta ci Ostareliya a gidanta karo na farko.

Akwai wata dabara da ya koya wurin abokin wasansa Sarfraz Nawaz. Ƙwallon kurket fata ce aka ɗinke. 'Yan wasa sukan yi ta goga gefe ɗaya a wando har ya yi ƙyalli, su bar ɗaya gefen ya kuje. In ya tsufa aka jefa shi da ƙarfi, sai ya karkata a iska dab da mai bugu, ta inda bai zata ba. Da wannan Imran, wanda ya zama kyaftin a 1982, ya fitar da 'yan Indiya sau 40 a wasa shida tsakanin ƙarshen shekarar da farkon 1983.

Wannan karawar ce ta tsaga masa ƙashin ƙwauri. Mai jifa da gudu kowane jifa sai ya dire da dukan nauyinsa kan ƙafa ɗaya, sau ɗaruruwa a wasa guda. Kusan shekara biyu bai yi jifan kirki ba. A nan, a ganina, amfanin haɗa fanni biyu ya fito fili. Da jifa kaɗai ya iya, da sai zaman gida. Shi kuwa ya je gasar cin kofin duniya ta 1983 da katakonsa kawai, har ya ci Siri Lanka maki 102. Bugun da a da ɗan taɓawa yake yi ya zama sana'arsa ta biyu, kuma ƙarfin jifa na raguwa, bugun na ƙara nuna. Tsararrakinsa Ian Botham da Kapil Dev da Richard Hadlee duk gwanayen haɗa fanni biyun ne, amma ban ga wanda tsufa ya yi wa kyau a fili kamarsa ba.

Ba mutum ne mai sauƙin kai ba. Yana hawa kyaftin ya ajiye Majid Khan, ɗan'uwan nasa, suka daɗe ba su ga maciji. Amma shi ne ya raini masu jifa Wasim Akram da Waqar Younis. A 1987 ya ci Indiya da Ingila a gidajensu, ya yi ritaya, shugaban ƙasa Janar Ziya'ul Haƙ ya nemi ya dawo.

Gasar cin kofin duniya ta 1992 ta faro wa 'yan Pakistan da rashin sa'a. Ingila ta fitar da su kaf a kan maki 74 a Adelaide, ruwan sama ne ya hana a kammala wasan aka raba maki, kuma wannan makin ne ya kai su zagayen kusa da ƙarshe. A can wani saurayi da Imran ya nace sai an sa, Inzamam-ul-Haq, ya ci 60 a jifa 37, suka fitar da Niyu Zilan. Ranar 25 ga Maris, cikin watan azumi, suka sake haɗuwa da Ingila a Melbourne. Imran, mai shekara 39 da kafaɗa mai ciwo, ya ci 72, fiye da kowa a wasan, kuma shi ya fitar da mutum na ƙarshe. Pakistan ta ci da ratar 22.

Daga nan bai sake buga wa ƙasarsa ba. A manyan wasanni 88 ya tara maki 3,807, ya fitar da masu bugu 362. A 1994 ya buɗe asibitin masu ciwon daji a Lahore da sunan mahaifiyarsa, Shaukat Khanum, wadda cutar ta yi ajalinta a 1985, sai a 1996 ya kafa jam'iyyarsa.