Kyamara da Ganin Jinjirin Wata a Sakkwato: Abin da Ya Sauya

Duk ranar 29 ga Sha'aban ko Ramadan, hankalin Musulmin Najeriya yana komawa fadar Sarkin Musulmi, Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda tun 2006 shi ke sanar da tsayuwar wata. Amma shaidar da jama'a ke magana a kai ta sauya kama. Da ana cewa “wane ya gani”. Yanzu kafin a idar da magariba hotuna sun cika WhatsApp da Facebook.

Dalilai biyu ne suka kawo haka. Na farko, kyamara da na'urar hangen nesa sun zo hannun talaka, manhajar waya kuma tana nuna inda wata zai kasance. Na biyu, mutane sun gaji da saɓanin ranar ɗaukar azumi da Salla, suna neman hujjar da kowa zai gani da idonsa.

Sai dai samun hoto mai inganci ba wasa ba ne. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka abin da aka saita a na'ura yakan sulale cikin 'yan mintoci, sai in mariƙinta yana da injin da ke bin sama. Shi kuma injin sai an daidaita shi da tauraron arewa, wanda a Sakkwato yake kimanin digiri 13 kacal daga ƙasa, daidai inda hazo da ƙura suka fi kauri. Masu ɗaukar hoton taurari sukan ƙara ƙaramar kyamara ta biyu da ke riƙe tauraro guda, manhaja irin PHD2 tana gyara kuskuren injin. Wannan dabara ba ta da amfani a wajen jinjiri, domin ana nemansa ne da sauran hasken rana, kafin taurari su fito. Gara a saita na'ura tun daren jiya a bar ta a wurin. Wanda ya kafa tasa bayan la'asar yana iya yin ta lalube har watan ya faɗi.

Amfanin na'urar a fili yake. Tana raba jinjiri da tauraruwar Zara ko ɗan siririn gajimare, lissafi kuma yana tona da'awar gani a ranar da wata ya riga rana faɗuwa.

Matsalar ita ce kyamara ta wuce ido. Ido ba ya kama jinjirin da tazararsa da rana ta gaza kimanin digiri 7, amma a ranar 8 ga Yuli, 2013, wani mai ɗaukar hoton taurari, Thierry Legault, ya ɗauki hotonsa a Faransa da rana, a daidai lokacin haihuwarsa. A mazhabar Malikiyya kuwa wata yana tabbata ne da shaidar adilai biyu ko ganin jama'a masu yawa. Ga kuma tsofaffin hotuna da na wasu ƙasashe da ake yaɗawa da sunan na yau.

Saboda haka hoto shi kaɗai ba zai kashe gardama ba. Yana zama hujja ne in an san wanda ya ɗauka, da wurin, da lokacin. Ko ganin kyamara ya isa a ɗauki azumi kuwa, wannan hukunci ne na malamai, kuma gara su fayyace shi tun kafin daren duban wata.