Tsohuwar Zuma a Akwatin Rediyo: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

 Yau kunne za mu ba haƙƙinsa, don mun leƙa rumbun tsofaffin wasannin kwaikwayo da na barkwanci na rediyo, waɗanda har gobe wasu tashoshi a Amurka da Ingila ke maimaitawa. Ku matso kusa, ku ƙara murya.

Duk dokin da kuka ji yana sukuwa a wasannin kaboyi na Amurka, ɓawon kwakwa ne guda biyu a hannun wani bawan Allah, yana buga su cikin tiren yashi ko tsakuwa. Doki ba dusa, ba harawa, ba sharar barga!

Gobara kuwa, ledar nan mai ƙara da ake naɗe kwalin sigari da ita ake murzawa a bakin makirufo. Tsawa fallen ƙarfe ne ake girgizawa, takun mutum cikin dusar ƙanƙara kuma garin sitaci ne a 'yar jaka ana matsawa. Mutum ɗaya ya kawo damina da hunturu da gobara, bai ko matsa daga gaban teburinsa ba.

'Yan wasan ba hadda suke yi ba, karantawa suke, kuma ba abin da suke gudu irin ƙarar takarda. Wasu in sun gama shafi sai su sake shi ya sauka kan kafet a hankali. Kafin a yi sallama da masu saurare, ƙasa ta yi fari fat.

Har wajen ƙarshen shekarun 1940 manyan tashoshin Amurka ba sa yarda da wasan da aka naɗa, sai na kai tsaye. Da yake akwai tazarar awa 3 tsakanin gabashin ƙasar da yammacinta, 'yan wasa a Niyok sai su gama wasa, su je su ci abinci, su dawo su sake shi tun daga farko saboda mutanen Kalifoniya. Maimaicin wancan zamani da gumi ake yin sa.

Abin da ya kawo da yawa daga cikin wasannin nan har kunnenmu manyan faya-faye ne masu faɗin inci 16, kowane gefe na ɗaukar kusan minti 15. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya janye alminiyon zuwa ƙera jiragen sama, sai aka koma yin faya-fayen da gilashi. Hannu ya kuɓuce, dariyar ɗaki guda ta tarwatse a ƙasa.

Sojoji ma sun yi mana rana. Wasanni da dama sun tsira ne domin an kwafe su, an yanke tallace-tallacen ciki, an aika wa dakarun Amurka da ke ƙetare. Soja ya sha dariyarsa a sansani, mu ma rabonmu ya rantse.

A Ingila an daɗe ana goge tef ɗin da aka naɗi wasa a kai don a sake amfani da shi, har wasu fitattun shirye-shiryen barkwanci suka ɓace. Daga baya an samo wasunsu a hannun masu saurare da suka naɗa a gida suka jefa a kwali. Ku duba akwatin kaka tukuna kafin ku kai shi bola.

Kamfanonin sabulu ne suka ɗauki nauyin yawancin wasannin rana masu minti 15, waɗanda aka tsara domin matan aure da ke aikin gida. Ɗaya daga ciki ya fara a rediyo a 1937, ya shiga talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Shekara 72 ana rigimar gida ɗaya bayan ɗaya, kumfa bai ƙare ba.

In kun ci karo da faifan da ba a yanke tallansa ba, za ku ji mai sanarwa yana bugun ƙirji cewa sigarinsu ne likitoci suka fi sha. An hana tallan sigari a rediyo da talabijin na Amurka tun farkon 1971. Ku ɗauki dariyar, ku bar musu hayaƙin.

Ga wanda ya fi ba mu mamaki. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi farin jini a Amurka daga 1937 na wani mai 'yar tsana ne, irin wanda ke magana ba tare da motsa leɓe ba har a ɗauka tsanar ce ke yi. A rediyo fa, inda ba mai ganin leɓen kowa! An ma san leɓen nasa na motsi, kuma tsanar da kanta takan yi masa ba'a a kan haka. Ingila ma ta yi nata a shekarun 1950, ya kuma karɓu ƙwarai.

Daren 30 ga Oktoba 1938 aka sa wani wasa da aka shirya shi da sigar labaran gaggawa, wai halittu daga duniyar Mas sun sauka a wani ƙauye a gabashin Amurka. Wasu sun firgita da gaske, amma jaridu sun zuzuta abin, domin binciken da aka yi ta wayar tarho a daren ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai suka kama tashar. Ina mafi yawa suke? Suna wajen mai 'yar tsana.

A Kito, babban birnin Ikwado, an maimaita wannan dabara a 1949, abin bai zo da daɗi ba. Da jama'a suka gane wasa ne, sai suka cinna wa ginin tashar wuta, har aka rasa rayuka. Wannan kam ba na dariya ba ne, Allah Ya kiyaye.

Mu leƙa wajen wani marowaci. Wani shahararren ɗan barkwanci ya shekara da shekaru yana fitowa a matsayin mai maƙon tsiya, har a wani shiri na 1948 ɗan fashi ya tare shi ya ce ko kuɗi ko rai. Gogan ya yi shiru, shirun ya yi tsawo, 'yan kallo a zauren suka fara ƙyalƙyala. Da ɗan fashi ya ƙosa ya sake tambaya, sai ya daka masa tsawa cewa ai yana nazari ne. Ku saurare shi yau, shirun nan na nan da ƙarfinsa.

Shi dai wannan marowaci shekarunsa 39 bara, 39 bana, 39 baɗi. Tsohuwar motarsa kuma mai tari da atishawa, da baki wani abokin aikinsa ke yin ƙararta, shi ne mai muryar zomon nan na katun mai cin karas. Mota ba fetur, daidai da aljihun mai ita.

A wani wasan na miji mai cika baki da matarsa mai haƙuri, akwai wani kabad da aka fara buɗewa a 1940. Da ya ja ƙofar sai tarkace su yi ta zubowa, kwanuka, takalma, ƙarafa, can a ƙarshe 'yar ƙararrawa ta ce ƙil. Kowa ya san abin da zai faru, kowa kuma sai ya yi dariya.

Wani shirin ban tsoro da ƙarar tsohuwar ƙofa yake buɗewa, amma ƙarar ta wata kujera ce mai tsatsa. Ana ba da labarin cewa wani ma'aikaci mai son gyara ya ɗiga mata mai, ranar dole mai kula da sauti ya yi kukan ƙofa da bakinsa. Garin gyaran gira!

Jarumin da ya fi dacewa da rediyo shi ne wanda ba a ganin sa, mai rufe idon miyagu ya tsaya a gabansu yana dariya. Masu shiri ba su kashe ko sisi a kan layar zana ba.

Mai muryar babban ɗan sandan wani shahararren wasan kaboyi da aka fara a 1952 murya gare shi mai cika ɗaki, sai dai shi mutum ne mai jiki. Da za a kai wasan talabijin aka ba wani dogo matsayin. Masu rediyo har yau nasu suke so.

Akwai kuma mai binciken kamfanin inshora da yake ba da labarinsa ta hanyar lissafin kuɗin da ya kashe: kaza na tasi, kaza na masauki, kaza na waya. Kafin ya haɗa jimla, an kama mai laifi.

Wajen 1930 wasu gidajen silima a Amurka sukan dakatar da fim na minti 15 su sa wa 'yan kallo wani wasan barkwanci na rediyo, don kada mutane su zauna a gida. Turawa biyu ne ke kwaikwayon baƙaƙen fata a ciki, kuma yadda ya siffanta su ya jawo masa suka mai yawa, da gaskiyar masu sukar.

Ingila na da wasan ƙauye mai suna The Archers, wanda aka soma watsawa a faɗin ƙasar a 1951 domin a koya wa manoma dabarun zamani, lokacin ana rabon abinci da kati. Ya wuce kashi 20,000 kuma yana nan yana tafiya. Malamin gona da ba ya ritaya!

A Satumban 1955 aka kashe wata amarya a cikin wasan, a gobarar barga, a daren da aka buɗe talabijin mai talla ta farko a ƙasar. Masu saurare suka cika layukan wayar tashar da kira, wasu har da kuka. Wata 'yar wasan kuwa da aka fara shirin da ita ba ta ajiye aiki ba sai 2022, tana da shekara 103. Tubarkalla!

A Kyuba, cikin wani wasan da ya tashi kan jama'a a 1948, ɗan wasan da ke riƙe da babban sirrin labarin ya nemi ƙarin albashi. Sai marubuci ya sa ciwo ya ɗauke masa magana, ya yi ta gurnani kashi bayan kashi, ƙasa duka na jiran ya buɗe baki. Rikicin albashi ya zama ribar tasha.

Afirka ta Kudu ba ta samu talabijin ba sai 1976, shi ya sa wasan rediyo ya yi dogon zamani a can, har ƙarshen 1985 da aka rufe babbar tasharsa. Jinkirin wani, alherin kunne.

Masana sukan ɗauki 30 ga Satumba 1962 a matsayin ranar da zamanin wasan rediyo ya rufe a Amurka, ranar da mai lissafin inshora ya haɗa jimlarsa ta ƙarshe. A shekarar ce kuma aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, garin da ya ba mu Zaman Duniya Iyawa Ne da Duniya Budurwar Wawa. Suna naɗe tabarma, mu muna shimfiɗawa.

Samanja Mazan Fama kuwa, mai Hausar bariki da tsawar fareti, wanda ya yi tashe a rediyo da talabijin, tsohon soja ne na gaske ya riƙa fitowa a matsayin. Masu tsofaffin kaset a gida, don Allah a kakkaɓe su a ba 'yan baya su ji. Kowa ya ƙame!