Alheri da Zumunci a Wurin Kiristan Wusasa

Wusasa wani ƙaramin gari ne a gindin dutse, yamma da birnin Zariya. Likita Mila, Baturen Mishan na C.M.S., ya fara zama cikin birni a 1905, yana ba da magani yana koyar da yara. A 1929 aka ƙaurar da mishan zuwa Wusasa, aka gina majami'a da ƙasa irin ginin Hausawa, aka kafa makaranta da asibiti. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa.

To, a cikin wannan littafi kalmar alheri tana da ma'ana biyu. Ta fari ita ce wadda kowane Bahaushe ya sani, watau kyautatawar da mutum yake yi wa ɗan'uwansa. Ta biyu kuwa ita ce kyautar da Allah yake yi wa mutum ba don ya cancanta ba. Kirista suna haɗa su biyun. A ganinsu ceto ba abin saye ba ne, Allah ya riga ya bayar kyauta, saboda haka alherin da mutum yake yi wa maƙwabcinsa godiya ce kawai yake nunawa.

Ba lalle sai abin ya yi girma ba. A Linjilar Matiyu, sura 10, Yesu ya yi alkawarin lada ga wanda ya ba da ko da moɗa guda ta ruwan sanyi. A sura 25 kuma ya lissafa ciyar da mayunwaci, da saukar baƙo, da tufantar da matsiyaci, da zuwa dubiya, ya nuna cewa wanda ya yi wa ƙaramin mutum waɗannan, shi kansa aka yi wa. Bahaushe da ya ji wannan ba zai yi mamaki ba, gama tun kaka da kakanni ruwa ake fara miƙa wa baƙo kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi.

Mata su ne suka fi ɗaukar nauyin wannan aiki. Kusan kowace ikilisiya a Arewa tana da ƙungiya da ake kira Zumuntar Mata. In wata ta haihu, sai 'yan'uwa su je barka da sabulu da itacen dafa ruwan wanka. In an yi rasuwa, su ne za su ɗebo ruwa, su share tsakar gida, su ɗora tukunya, don masu makoki ba su da ƙarfin hura wuta. In tsohuwa ta kwanta ciwo ba ta da kowa, wata ta kai kunu da safe, wata ta kai tuwo da dare, su yi addu'a tare kafin su tafi. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Ma'anarsa, aike ba ya isa, sai mutum ya taka da kansa.

Amma fa akwai wani dalili da ya sa abin yake da nauyi. Kiristan Hausawa kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Maƙwabci ba ya shiga majami'a ya ji wa'azi, halin mutum yake dubawa. Don haka ran Kirsimeti ake aika yara da akushin shinkafa gidajen Musulmi, ran Babbar Salla kuwa nama ya komo. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya kai Zariya, aka ƙone majami'u da yawa. Ginin da ya ƙone ana iya tayar da shi da kuɗi, amma amana tsakanin maƙwabta sai a hankali take komowa, ta hanyar gaisuwar safe, da aron turmi, da zaman ta'aziyya a gidan wanda addini ya raba su.

Shi ya sa dattawa, Kirista da Musulmi duka, suke yawan tuna wa yara cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.